Ranar da Yaya Ya Riƙe Kan Keke

Yayana tafinta ne. Aikinsa ke nan tun zuwansa London: a kira shi asibiti ko kotu ko ofishin council, wato ƙaramar hukuma, ya zauna tsakanin Bature da Bahaushen da Turanci ya gagara, ya ɗauki maganar wannan ya kai wa wancan. An ce ya ƙware, har nemansa ake yi daga wasu garuruwa. To amma wannan bawan Allah da ke cin abinci da bakinsa, kai shi gaban 'yarsa ta fari ka ga ikon Allah, sai ka rantse bebe ne. A nan shi ma sai an nemo masa tafinta, kuma ni ƙanwarsa aka ɗora wa aikin, ba albashi ba hutun ƙarshen shekara.

Kunyar ɗan fari ce, irin ta gidanmu. Mahaifinmu har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan Yaya ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Da Yaya zai taho ƙasar nan sai ya ƙunso wannan ɗabi'a a akwati tare da yaji da kuka, ya iso da ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sai kuma aka haifi yarinyar aka sa mata sunan mahaifiyarmu, kunya ta zama biyu. In zai yi maganarta sai ya ce «yarinyar nan», in da ni yake magana ya ce «'yarki». Ni kuwa «uwata» nake ce mata, har yau.

Matar Yaya ta ɗan gwada kunyar da farko, ba ta daɗe ba ta yar. Ta ce a flat mai ɗaki biyu, ba kaka ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa jariri, wa zai yi maka rainon in ka tsaya kawar da kai? Gaskiyarta ce. A gida ɗan fari bai rasa komai ba, don kakanni da baffanni da gwaggwanni sun yi masa yawa, har sangarta shi ake yi. A nan kuwa duk wannan runduna ni ce ita, ni kaɗai.

Ni na koya mata keke. Yaya ne ya saya, ɗan ƙarami mai ruwan hoda, ya ajiye a ƙofar flat ɗina ya ce wai a hanya ya gan shi ya ga kamar zai yi wa wani amfani. Wani wa? Oho. Muka tafi filin shaƙatawar da ke bayan Old Kent Road, ina riƙe da sirdi ina gudu, mayafina na neman shaƙe ni, ina haki kamar wadda aka biyo. Shi kuwa gogan yana can gindin bishiya da waya a kunne, wai aiki ne ya taso. Da na gaji na saki, ta ɗan yi gaba ta kife a kan ciyawa. Ba ni ta duba ba da ta ɗago, wajen bishiyar ta duba. Shi kuma ya juya baya ya ci gaba da wayarsa. Da ƙannenta maza suka taso, shi da kansa ya koya musu, yana gudu a bayansu yana ihu yana dariya, ita tana tsaye tana kallo.

A jami'a ta haɗu da masu hawan keken tsauni, shi ke nan muka shiga uku. Mu a saninmu keke abin zuwa gona ne ko makaranta, ka ɗaura buhu a baya ka tafi a hankali kana gaisawa da mutane. Su kuwa nasu, mota ce za ta kwashe su da kekunan ta kai su ƙolin tsauni a cikin daji, sannan mutum da hankalinsa ya sako kansa ƙasa ta kan duwatsu da saiwoyi, ya iso ya ce a sake mai da shi sama. Keken ma daban yake. Tayoyinsa kamar na babur, kuma yana da shokozoba gaba da baya, wato abin nan da ke lotsawa ya shanye gargada don kada ƙashin mutum ya shanye ta. Na hannu ta saya da kuɗin aikin hutu, kuma a lungun flat ɗina yake kwana, don gidansu ba wuri. Ta dawo ranar Lahadi da yamma taɓo har gira, ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, tana murmushi kamar wadda ta dawo daga biki.

Matan da muke haɗuwa da su a shagon kayan miya ba su bar ni na huta ba. «Wai 'yar yayanki ce ke faɗowa daga dutse? Uban bai ce komai ba?» Bai ce ba kuwa. Bai hana ba, bai yaba ba. Ita kuma ta fassara shirun yadda yaran nan ke fassara shiru: ta ɗauka kunyarta yake ji a cikin mutane, ba kunyar ɗan fari ba, kunyar abin da ta zama.

Sai ranar da aka kira mu daga Wales, inda suka je hawan tsauni, aka ce ta faɗi. Ƙashin kafaɗa ya karye, keken kuma ya tsage daidai inda shokozobar baya ke kama jiki. Aka dawo da ita wani asibiti a nan London don a yi mata aiki. Ni da uwarta muna ciki muna ta addu'a. Yaya ya zo, wallahi ya zo, ko takalmi bai sa daidai ba. Ya tsare likita a baranda ya yi masa tambayoyi har sai da likitan ya fara duba agogo. Ya aiko da farfesun kaza, ya aiko da dabino. Amma bai ɗaga labulen nan ya shigo ba. Tana kwance tana kallon ƙasan labule, ta ga takalmansa sun zo sun tsaya, sun daɗe a tsaye, sannan suka juya suka tafi. Ta mai da fuskarta bango. Ranar na ji haushin yayana har na kasa cin abinci.

Kafaɗa ta warke a hankali. Ana cikin haka ta sami aiki a Scotland, garin da ta ce in ka buɗe taga tsauni ne ke gaishe ka. Ƙarshen wata za ta tafi. Tsohon keken yana nan a lunguna a tsage, ina tuntuɓe da shi kullum in zan shiga kicin.

Wata Lahadi da hantsi sai ga Yaya. Ya zauna, na kawo masa shayi, ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi lafiyar mutanen da ya gani jiya. Can ya dubi lungun ya ce, «Wannan abin ya tashi aiki ko?»

Na ce, «Ya tashi, Yaya.»

«To ki tambayi 'yarki, ko mota za a nema mata? Ƙarama haka, mai rufi.»

Na kai saƙo. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce da Turanci, don ita Hausa a kunne take, amsa kuwa sai da Turanci, «Gwaggo, ki ce masa mota ba ta gangara dutse.» Na mayar. Ya ce, «To a tambaye ta wane irin keken take so.»

Daga nan na zama 'yar aike tsakanin gida biyu, kuma na yi karatun da ban nema ba. Ashe keken ma ƙabila-ƙabila ne. Akwai na gangare zalla, mai nauyi, mai doguwar shokozoba, wanda in ka sako shi daga sama ba abin da ke tare shi, amma in aka ce ka hau tudu da shi sai dai ka sauka ka tura. Akwai kuma na yawon daji, marar nauyi, mai gajeriyar shokozoba, yana hawa yana sauka, sai dai in gangaren ya yi tsanani yakan gaza. Ita kuwa guda ɗaya take so ya yi mata duka, don ɗakin da ta kama a can ba zai ɗauki biyu ba. Ta kasa tsai da shawara, yau ta ce wannan, gobe ta ce wancan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne irin saƙon da Yaya ke ba ni. «Ki ce mata keken da aka ƙera jikinsa da kabon ba shi da nauyi, amma in ya bugu da dutse ba lalle ido ya ga ciwon ba. Na ƙarfen goran ruwa ya fi nuna inda ya ji rauni.» Na saki baki na ce, «Yaya, a ina ka san kabon?» Ya ce in kai saƙo kawai. Wata rana kuma, «Ki tambaye ta babbar taya take so gaba da baya, ko babba a gaba ƙarama a baya.» Sai da matarsa ta tsegunta mini: tun ranar asibiti, in yana cikin tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, tsakanin wannan aiki da wancan, ba abin da yake kallo a waya sai masu faɗowa daga tsauni. Har sallar Magariba ya kusa makara saboda wani Bature da ke bayanin birki.

Na garzaya da wannan labari wajen uwata ina murna, na ɗauka na kawo maganin ciwon. Ta dube ni ta girgiza kai.

«Gwaggo, tun ina ƙarama kike ƙara wa saƙonsa gishiri. Ya ce in sa rigar sanyi, ke ki zo ki ce wai ya ce yana kewata. Kin ɗauka ban sani ba?»

Na ce, «To, ɗan kaɗan dai, don miya ta yi daɗi. Amma wannan karon ko ƙwaya ban ƙara ba.»

«Ta yaya zan sani?» Idonta ya kawo ruwa. «Na gaji, Gwaggo. Na ga takalmansa a asibiti. In Baba yana so ya saya mini keke, ya faɗa mini da bakinsa, ni, ba ke ba. In ba zai iya ba, ya bar kuɗinsa, zan nemi na hannu a can. Kuma kada kowa ya sa ran ganina da Sallah.»

Na san yarinyar nan, jininmu ce, in ta faɗa ta faɗa. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga 'ya'yan mutane da suka tafi aiki wani gari a kan ƙaramin fushi, aka wayi gari sai gaisuwar waya, daga baya ita ma ta ɗauke. Wannan saƙon na kai shi yadda yake, ba gishiri ba magi. Yaya ya saurara yana juya cokali a kofin da babu sauran shayi a ciki. Na ce, «Yaya, nan ba gida ba ne. Ita ba ta san kunya ba, ƙi ta sani. Ka buɗe baki ka yi wa 'yarka magana, ba mutuwa za ka yi ba.» Ya harare ni irin hararar da yake yi mini tun muna yara. Da zai tafi, yana sa takalmi, ya ce wa ƙofa, «Akwai wani shagon keke a kudancin kogin London, an ce sun san aikinsu. In kuna da hali ku je ranar Asabar da safe. Ni ma ina da wani uzuri a unguwar.»

Uzuri! Kai, Yaya.

Muka riga shi isa. Shago ne dogo a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kekuna a rataye har rufi, warin roba da mai ko'ina. Mai shagon wani Bature ne mai jan gemu, hannunsa duk baƙin mai, mai fara'a. Ya riga ya fito mata da uku ya jera: na gangare zalla, na yawon daji, da wani na tsakiya mai babbar taya a gaba da ƙarama a baya. Sai ga Yaya ya shigo cikin farin kaftani da hula da kwat a sama, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gaishe ni. Ya gaishe da mai shago. Ya gaishe da kekuna ma in ba ƙarya zan yi ba. Ita kuwa ta durƙusa ta ce, «Ina kwana, Baba,» ya amsa wa wata taya da ke rataye, «Lafiya lau.»

Ya nufi kekunan ya fara duba su yadda yake duba ragon layya. Ya danna sirdi da tafin hannu ya ga yadda bayan ke lotsawa, ya ɗaga ya ji nauyi, ya leƙa ƙasa, ya matsa taya da babban yatsa. Saura kaɗan ya buɗe bakin keken ya ƙirga haƙora. Mai shagon yana ta murmushi, har Yaya ya fara yi masa tambayoyi da Turancinsa na kotu, sai murmushin ya koma na girmamawa. Suka yi ta magana a kan birki da kaca, ni ina tsaye kamar an dasa ni.

Can mai shago ya ce, «To ita wane irin hawa ta fi yi?»

Yaya ya juyo gare ni ya ce da Hausa, «A tambayi mai keken wane irin hawa ta fi yi.»

Baturen ya dube shi, ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, «Yallaɓai, ai ga ta nan a gefenka.»

Yaya ya ce, «Na'am, na gode,» ya ci gaba da duba feda.

Na ga muƙamuƙin uwata ya motsa. Ta ɗauki hular kwano ta fita da kekunan ɗaya bayan ɗaya ta zagaya layin bayan shagon. Da ta dawo sai ta dafa na yawon dajin, marar nauyin, ta ce wannan ma ya isa. Ni na san dalili, don ta faɗa mini a asirce: tun faɗuwar nan, in ta tuna gangare sai gabanta ya faɗi. Kuma a ranta ta ɗauka abin da ubanta ke so ke nan, ta sayi mai sauƙi ta daina haukan tsauni, kowa ya huta.

Sai Yaya ya yi gyaran murya ya ce wa mai shago, «Wannan zai yi mata kaɗan.»

Duk muka juya.

«Tsohon ma abin da ya kayar da ita ke nan,» in ji shi, idonsa a kan gemun Baturen. «Na ga hoton bidiyon da abokanta suka sa. Ba ita ta yi kuskure ba. Ta diro daidai, shokozobar bayan ce ta kai ƙarshe ba sauran lotsawa, sai keken ya harba ta. Na maimaita kallonsa ba adadi. Wancan na gangare zalla kuma zai hana ta yawo, ga ta da son hawa tudu da ƙafarta. Na tsakiyan nan shi ne nata. Ƙaramar tayar baya za ta ba ta wurin matsawa in gangare ya yi tsaye, don na lura tana yawan komawa baya.» Ya shafa sirdin. «Ta iya. Ba ƙaramin iyawa ta yi ba.»

Ni dai na ce a raina shi ke nan, an gama, Allah ya kawo mu. Na dubi uwata ina jiran in ga ta narke. Ina! Hawaye ne a idonta, amma na fushi. Ta ce mini da Turanci, da ƙarfi yadda zai ji, «Kin gani ko, Gwaggo? Zai iya faɗa wa baƙon da bai taɓa gani ba. Ni ce dai ba zai faɗa wa ba.» Ta cire hular kwano ta ɗauki jakarta.

Yaya ya bi ta da ido. Mutumin da ya tsaya gaban alƙalai bai taɓa in'ina ba, ga shi yana kallon 'yarsa za ta fita daga shago ya kasa cewa tsaya. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

Baturen nan bai san me ake ciki ba, shi dai ya ga ciniki zai kuɓuce. Ya ce mata, «Kafin ki tafi, bari in daidaita shokozobar na tsakiyan da nauyinki ki ji yadda yake. Yanzu iskar da ke ciki ta wani ƙato ce, shi ya sa kika ji shi da tauri. Ba zai ɗau lokaci ba.» Ta tsaya, don duk fushinta ba ta iya wulaƙanta mutum. Ya yi mana bayani: za ta hau ta ɗora ƙafa biyu a kan feda, ta saki nauyinta duka, shi kuma ya durƙusa a baya ya auna yadda keken ya lotsa, ya ƙara iska ko ya rage. Amma tunda keken a tsaye yake ba tafiya ba, dole wani ya tsaya a gaba ya riƙe kan, in ba haka ba ta kife. Ya dube ni.

Na kama kafaɗata na yamutsa fuska. Na ce, «Wayyo, ni da nake fama da sanyin ƙashi? Ko buta ba na iya ɗagawa.» Uwata ta harare ni, don da safen nan ta ga na sauko da buhun shinkafa daga saman kabad. Na kawar da kai, ni ma ai 'yar gidan ce, na iya.

Mai shago ya ce, «To Baba, zo nan. Tsaya a gabanta, ka sa tayar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka kama kan da hannu biyu. Ka riƙe sosai, in ka saki a kan kafaɗar nan za ta faɗi.»

Da ni na faɗa, da Yaya ya ce in kama bakina. Amma shekara da shekaru ya saba in ma'aikaci ya ce tsaya nan, ya tsaya, in an ce zauna can, ya zauna. Kafin ya yi tunani har ya tattare farin kaftaninsa ya rungume taya mai datti da gwiwoyi, ya kama kan keken. Ta hau. Hannunta a kan mariƙi, nasa a ciki kusa da nata, fuskarsa da tata ba su fi tsawon hannu ba. Ya duba sama, kekuna. Ya duba gefe, ni, na yi masa gwalo da ido. Ya duba ƙasa, hannunta ne, da tabon da dutse ya bar mata. Ba sauran inda zai kai idonsa.

Mai shago ya ce daga baya, «Ɗora ƙafa biyu.»

Ta ɗora ɗaya. Da ta ɗaga ta biyun keken ya ɗan karkata wajen kafaɗar da ta karye, ta zabura ta mai da ƙafar ƙasa da sauri. Ta sake gwadawa, ta sake saukewa. Ta ƙara damƙe mariƙin. Yarinyar da ke sako kanta daga ƙolin tsauni, ga ta ta kasa ɗaga ƙafa a cikin shago.

Sai na ji muryar Yaya, ƙasa-ƙasa, da Hausa.

«Ɗora ƙafarki. Ina riƙe da ke.»

Ƙafarki. Ke. Tun da aka haife ta ban taɓa jin ya ce mata «ke» ba. Ta ɗago ta dube shi, shi ma wannan karon bai kawar da kai ba. Sai ta amsa, kuma da Hausa ta amsa, irin tata mai karkatacciyar murya da muke yi wa dariya a gida.

«Kada ka saki, Baba.»

«Ba zan saki ba.»

Ta ɗora ƙafa biyu. Keken ya lotsa a hankali ya tsaya cak, ko motsi bai yi ba, don jijiyoyin hannun Yaya duk sun tashi. Baturen ya auna, ya ce ta sauka, ya rage iska da ɗan famfonsa, ya ce ta sake hawa. Duk hawan da za ta yi sai Yaya ya ce, «Hau, ina nan.» Ya samu bakin magana, abin ya zame masa kamar sabon wasa. Har da ƙari: «Kafaɗar tana yi miki ciwo?» Ta ce, «Kaɗan.» Ya ce, «Na zo asibitin.» Ta ce, «Na ga takalmanka.» Ya ce, «Na kasa shiga ne. Ba ƙi na yi ba.»

Ni kuwa ina gefe ina share ido da bakin mayafi ina cewa warin roban nan ne ke damuna. Mai shago ya miƙe ya goge hannu ya ce an gama, ana iya saki. Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa. Ita ce ta ce, tana dariya da hawaye, «Baba, wai an gama.» Ya ce, «Na ji,» ya ci gaba da riƙonsa.

Baturen ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, «Me suke cewa ne?» Na ce masa ya yi haƙuri, tafintan ta ajiye aiki yau.

Na tsakiyan aka saya. Yaya bai fasa halinsa ba, sai da ya taya kamar yana kasuwar kara, Baturen ya yi ta dariya ya ƙara masa da ɗan famfon shokozoba a matsayin gyara. Farin kaftanin kuwa bai sake komawa fari ba, shatin taya yana nan a gwiwa, matarsa ta wanke har ta haƙura. Sunanta dai har gobe bai kira ba, kuma ba na jin zai kira, sunan mahaifiyarmu ne. Ita ma ta daina jira, ta ce «ke» ɗin ta ishe ta.

Ta tafi Scotland ƙarshen wata. Da Sallah ta matso na zauna ina jiran waya, ko ita ta kira ta ce in gaya wa Babanta ranar da za ta iso, ko shi ya zo ya zauna ya yi zagaye-zagayensa ya ce in tambayi 'yata yaushe za ta taho. Na dafa shayi na ajiye har ya huce, shiru. Ana jajibiri sai matar Yaya ta kira ni ta ce in zo in taya ta soya nama, ai yarinya ta iso tun da rana, Babanta ne ya je tashar jirgi ya taryo ta, sun shigo suna gardama a kan birki.

Na ajiye wayar na zauna a lungun da tsohon keken yake a da. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, sai da na yi tsaki ni kaɗai, sannan na fashe da kukan daɗi. Sun shirya komai tsakaninsu, ba wanda ya tuna ya gaya mini lokacin isowar jirgin.